Akuya da Buhun Gishiri

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu saurara.

Zazzaɓi ya kwantar da 'ya'yan Akuya, sai ta fusata ta juye buhun gishiri a kududdufin da Sauro ke hayayyafa. Sauro ya rame, daga baya ya saba. Ta fesa masa fiya-fiya, ya yi atishawa, nan ma ya saba.

Ran nan ya zo kunnenta ya ce, "Iya, sannu da ɗawainiya. Ga gishiri, ga turare."

Akuya ta ce, "Wai kai ba abin da ke kashe ka ne?"

Ya ce, "Akwai mana, Kwaɗo. Amma gishirinki ya kore shi."

Akuya ta ƙulle goro, ta tafi bikon Kwaɗo.

Ƙurunƙus, kan ɗan kusu.