Kyanwar Sito da Kujerar Hajiya Lantana

Idan kamfaninka ne, wa za ka ba shugabanci: wanda bai taɓa faɗuwa ba, ko wanda nasa ya taɓa rushewa?

Wannan ce ta dami Hajiya Lantana, mai kamfanin casar shinkafa, da tsufa ya zo mata. Mutum biyu take dubawa. Nafi'u ya daɗe yana manaja a manyan kamfanoni, ba tabo. Jatau kuwa ya taɓa kafa nasa, ya durƙushe. Dukansu masu ilmi ne. In ta yi kuskure, wahalar rayuwarta ta tafi a banza.

Tana zaune a sito, sai tsohuwar kyanwar wurin ta ce, "Ranki ya daɗe, ko kin ji labarin Sarkin Fito?"

"Ke da ɓera ma ya raina? To, faɗi."

Kyanwa ta ce: An yi wani Sarkin Fito mai matuƙa biyu. Ranar kasuwa kogi ya cika ya tumbatsa, fasinjoji suka matsa sai an haye da su. Na farko ya cika jirgi, ya sheƙo yana tambaya, "Maigida, in tashi ko in jira?" Na biyu, Barau, ya sauke kowa, ya ɗaure jirgi, ya sha zagi. Sarkin Fito ya ce, "Kai da izinin wa?"

Barau ya ce, "Allah ya ja zamaninka, bari in ba ka labarin masu zuma. Wani mai amya ya ɗauki ɗan ƙwadago, ya kwashe masa zuma ƙaf, aka yi ta yabonsa. Maƙwabcinsu, da ke ɗiban tasa da kansa, ya bar wa ƙudan rabonsu, aka ce malalaci ne. Da shekara ta kewayo, amyarsa kaɗai ke da ƙuda. Ni na taɓa riƙe jirgin kaina. Mai abu ba shi da wanda zai tambaya, kuma baɗi yake kallo."

Kyanwa ta lashe ƙafa, ta ce, "Hajiya, ranar da kogi ya cika, kina makwanci, wa Nafi'u zai tambaya?"

Hajiya ta ce, "A kira mini Jatau."

Kai mai sabon digiri da ke hangen babbar kujera, je ka fara naka tukuna, ko da kiwon kaji ne a bayan gida. Fara a makon nan.