Majemin Saman Kogi da Dokar Kasuwa

Akwai wani mutum, majemi ne mai arziki ƙwarai, yana zaune a wani babban gari can saman kogi. Daga garinsu ruwan yake gangarowa, ya ratsa ƙananan garuruwa na masunta da na masu lambu. Dukansu kuwa kasuwa ɗaya suke ci, a mararrabar hanyoyi.

A dā kowane gari yakan tare hanya, ya ƙwace abin da ya ga dama daga kayan baƙo. Majemin nan ya fi kowa shan wahalar wannan, gama fatunsa sukan yi tafiya mai nisa. Sai ya bi gari gari yana roƙo, har dattawa suka taru suka kafa doka. Hanya a buɗe take ga kowa. Mudu ɗaya za a yi awo da shi. Wanda kuma ya cuci wani gari garin neman abin sayarwa, dattawan garuruwa duka za su zauna a kansa, in ya ƙi jin hukuncinsu kayansa ba za su shiga kasuwa ba.

Hanya ta buɗe, arzikinsa ya haɓaka. Ya yi ta haƙa sababbin ramukan jima har suka kai bakin kogi, ma'aikatansa suna tuttular da ruwan toka da na bagaruwa a ciki. Ba a daɗe ba kifi ya soma tasowa matacce a garuruwan gangare, albasa ta ƙone a lambu, yara suna ta ciwon ciki.

Ran nan wata gwauruwa mai bandar kifi ta zo gaban dattawa da ƙwarya a rufe. Ta buɗe ta a gaban majemin, ta ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da jikokina suke sha."

Ya duba ruwan da ke ciki. Dattawa suka yanke cewa sai ya kawar da ramukansa nesa da kogi kafin fatunsa su sāke shiga kasuwa.

Da ya koma gida, 'ya'yansa maza suka taso masa da fushi. Babban ya ce, "Baba, rabin kasuwar nan kayanmu ne. Mu janye mu gani ko za ta ci. Wa yake da ƙarfin tilasta mana?"

Uban ya daɗe yana tunani, domin ya san gaskiya ɗan ya faɗa: ba mai iya tilasta musu. Sa'an nan ya ce, "Ɗana, duk shekarun nan dokar tana tsare ni, ban taɓa cewa ta yi nauyi ba. Yau ne karo na fari da ta nemi wani abu a wurina. In na juya mata baya, kowa zai gane an yi ta ne domin a ɗaure ƙanana kawai."

Ya ɗauki shebur, shi ya fara cike ramukan da hannunsa. Cinikin shekarar ya wuce shi, waɗansu abokan cinikinsa suka koma wurin wani majemi, babban ɗan kuma ya yi fushi ya bar gidan. Sai da damina ta zagayo kafin ruwan ya washe. Amma tun daga lokacin, garin da aka cuta ba ya neman mashi, gaban dattawa yake zuwa, gama an ga babba ya sunkuya.

Ma'anar wannan misali ita ce, garuruwan nan su ne al'umman duniya, manya da ƙanana. Kogin shi ne duk abin da Allah ya ba mu tare, ruwa da iska da ƙasa, wanda ba ya tsayawa a kan iyakar kowa. Kasuwar ita ce cinikin da ke tsakanin ƙasashe. Al'ummai ba su da sarki ɗaya a bisansu, amma kowace tana bukatar ta saya ta sayar, don haka dokar ciniki tana iya zama igiyar da za ta riƙe su ga adalci. Sai dai igiyar ba ta da ƙarfin kanta. Tana riƙewa ne in mai ƙarfi ya yarda ta ɗaure shi a ranar da ba ta yi masa daɗi ba.

'Yan'uwa, kada mu ce wannan zancen shugabanni ne kaɗai. Kowannenmu yana zaune a saman kogin wani. Kai mai shago, ke mai awo, kai mai gona da ma'aikata, akwai wanda yake shan abin da ya gangaro daga hannunka. Ubangijinmu yana da dukan iko, duk da haka ya ƙasƙantar da kansa ya yi biyayya saboda mu. In aka buɗe ƙwarya a gabanka, ka duba abin da ke ciki, kada ka kau da kai.