Ranar da Ƙwallo Ta Kuɓuce wa Gola

Akwai wani mai walda da shagonsa ke bakin titin da ya bi ta bayan filin ƙwallo. Kowa Ciyaman yake kiransa. Babu wanda ya zaɓe shi, babu kuma wanda ya ba shi muƙami. Sunan ya bi shi ne saboda in dai kulob ɗin garin na da wasa, shi ne farkon zuwa, kuma muryarsa ta fi ta kowa.

Kulob ɗin ba wani abin a zo a gani ba ne. Rabonsu da kofi tun Ciyaman yana da suma a kai. Amma ranar wasa, ko ruwa ake yi, sai ya kashe injin, ya rataye gilashin walda, ya saka jar rigarsa da ta koɗe, ya kama hanya.

Maƙwabcinsa mai sayar da taya ya sha tsokanarsa.

"Wai Ciyaman, albashi suke ba ka ne? Kullum 'mun ci, an ci mu', alhali ƙafarka ba ta taɓa ƙwallon ba. Ka koma kulob mai cin wasa ka huta da hawan jini mana."

Ciyaman yakan girgiza kai ya ce, "Ba za ka gane ba. Yayana, Allah ya jiƙansa, shi ya fara kai ni filin nan a kafaɗarsa. Har yau in na zauna a bencin nan, ji nake yana gefena. 'Yan wasa suna zuwa suna tafiya, koci ma haka, har masu kulob ɗin sun canza. Mu ne ba mu taɓa tafiya ba. To in ba namu ba ne, na wane ne?"

Abu ɗaya ne ya kai kulob ɗin daraja a zuciyarsa: babban ɗansa. Tun ranar da yaron ya samu gurbi a jami'a, Ciyaman ya laƙaba masa suna Injiniya. Duk wanda ya kawo aikin ƙofa ko taga sai ya sha labari kafin a taɓa masa ƙarfe.

Sai aka wayi gari wani mai kawo masa aiki, wanda ke koyarwa a makarantar, ya yi masa jaje a gaban mutane. Ashe yaron ya faɗi jarrabawa an sallame shi tun watannin baya. Kullum da safe yana ɗaukar jaka ya fita, ya yini a ɗakin aboki, ya dawo da yamma kamar daga aji.

Ciyaman bai doke shi ba, bai ma ɗaga murya ba. Ya dai shiga gida ya ce wa matarsa, "Ki faɗa wa ɗanki kada ya ƙara tako mini shago."

Daga ranar ya daina amsa gaisuwarsa. In yaron ya shigo falo, shi sai ya fita.

Wata rana matar ta ce, "Baban Injiniya, ka dubi yaron nan. Ya rame, ba ya cin abinci, ko fita ba ya yi."

"Kada ki ƙara kirana da wannan sunan," ya ce, ya ɗauki hularsa.

Ana cikin haka kakar wasa ta zo ƙarshe, kulob ɗin kuma yana dab da faɗawa ƙaramin rukuni. Ranar wasan da za a yi ta ta ƙare, filin ya cika maƙil. Babban golansu ya ji ciwo, don haka aka saka wani matashi da ba a daɗe da ɗauka ba.

Kafin a tafi hutun rabin lokaci, aka bugo masa wata ƙwallo mai sanyi, irin wadda ko ƙaramin yaro zai kama. Ya durƙusa, ta zame daga hannunsa, ta gangara a hankali ta shige raga.

Filin ya ɗauki ihu. Masu zagi na yi, masu jifa da robar ruwa na yi. Wani yana cewa sayar da wasa ya yi, wani yana cewa a bi shi har gida. Golan ya tsaya ya dafe kai, ya kasa ɗago ido.

Ciyaman ya haye kan benci.

"Kai, ku bari! Ku bari, na ce! Rigar wa ce a jikinsa? Da ya tare fanareti wancan makon ba ku ne kuka ɗauke shi a kafaɗa ba? Yau ne yake buƙatarku, ba ranar ba. Yaron nan namu ne, ko goma aka zura masa!"

Ya fara tafi shi kaɗai yana kiran lambar golan. Na kusa da shi suka kama, sannan ɓangaren gaba ɗaya. Golan ya ɗago, ya share fuska da safar hannu, ya koma kan layinsa.

Da aka tafi hutu, wani dattijo da ke zaune gefen Ciyaman ya kamo hannunsa. Tun da aka ci ƙwallon, kan dattijon a sunkuye yake.

"Bawan Allah, Allah ya saka maka da alheri. Yaron nan ɗana ne."

Ciyaman ya juyo ya dube shi.

Dattijon ya ci gaba. "Da suka fara zaginsa, hulata na ja na rufe fuska, ina fatan kada wani ya gane ni. Ni da na haife shi na kasa cewa uffan. Kai da ba ka haɗa komai da shi ba, kai ka tsaya masa. Lalle 'ya'yanka sun yi dacen uba."

Maganar ta tsaya wa Ciyaman a ƙirji. Aka dawo wasa, idonsa na kan fili amma bai ga komai ba. Aka tashi ɗaya da nema, kulob ɗin ya faɗi. Yau ko tsayawa musun wasa bai yi ba, ya hau babur ya nufi gida.

Ya tarar da matarsa zaune a bakin ƙofar ɗakin yaron, idanunta sun yi ja. An naɗe katifa an jingine ta a bango.

"Ya tafi tasha," ta ce. "Wai zai je neman aiki inda ba a san shi ba. Ya ce ka yafe masa."

Ciyaman bai ko cire takalmi ba, ya juya ya nufi tasha.

Allah ya sa motar ba ta cika ba. Ya hango yaron a kujerar baya, jaka a kan cinya. Ya ƙwanƙwasa gilashin.

"Sauko."

Yaron ya sauko yana kallon ƙasa. "Baba, ka bar ni in tafi. Na kunyata ka."

"Ka kunyata ni, gaskiya ne. Amma ƙaryar ta fi faɗuwar yi mini ciwo. Me ya hana ka faɗa mini?"

"Na sha zuwa shago don in faɗa maka. Duk zuwan da na yi sai in tarar kana nuna ni ga mutane, kana cewa ga Injiniya nan. Sai bakina ya mutu."

 Ciyaman ya miƙa hannu ya karɓi jakar, ya ɗaure ta a bayan babur.

"Hau. Uwarka tana can tana kuka."

Washegari da safe suka taho shago tare, a ƙafa, ta titin da kowa ya san labarin. Mai taya ya leƙo zai yi magana, ya ga fuskar Ciyaman, ya haɗiye abarsa ya ce, "Sannunku da fitowa."

Yaron bai zama injiniya ba. Shekarar da ta biyo ya shiga makarantar koyon sana'a, kuma shi ne yanzu yake zana ƙofofin da uban ke haɗawa. In aikin ya yi kyau su yi dariya tare. In ya karkace, su yanke su sake, ba tare da kowa ya fita daga shagon ba.

Darasi: Abin da ya sa mai goyon baya yake jin kulob nasa ne shi ne bai gudu ba ranar da aka ci su. To mutanen gidanka sun fi kowane kulob cancantar wannan tsayuwar. Kada ɗanka ya zama naka ranar nasara kawai; ranar da ya faɗi ce ya fi buƙatar jin muryarka. Ku tura wa iyaye da masoya ƙwallo, wataƙila akwai wanda yake jiran a je a ɗauko shi daga tasha.