Rawanin Waziri da Lambun Gangare

Goggo Yalwa, yayar mahaifina, ita ta fara ba ni labarin nan muna ɓarar gyaɗa, Allah ya jiƙanta.

Ta ce a zamanin da an yi wani sarki da aka binne mahaifiyarsa a gangaren tudun bayan fada. Sai ya yi umarni a mayar da gangaren lambu, a dasa lemo da rumman don kabarin ya sami inuwa. Aka danƙa aikin ga Sarkin Lambu Ɗanwaire, aka sa Waziri ya riƙa dubawa.

To, tun kaka da kakanni akwai jerin duwatsu a gicciye a jikin tudun, hawa-hawa. Waziri ya gani ya yatsine fuska.

"Wannan tarkacen ƙauyawa a lambun sarki? A kwashe! A ja kunyoyi daga sama har ƙasa, miƙe sak, yadda sarki zai hango su daga soro."

Ɗanwaire ya ce, "Ranka ya daɗe, ruwa fa..."

"Ni za ka koya wa?"

Da Ɗanwaire ya faɗa wa matarsa Gwamma, wadda a ƙauyen kan dutse aka haife ta, sai ta dafe ƙirji ta ce, "Sun tuɓe tudun nan tsirara!"

Ruwan farko ya sauka da hantsi. Kowace kunya ta zama kwata, ƙasa ta taho da dashen gaba ɗaya. Da aka ɗauke, Gwamma ta bi jama'a zuwa gangaren. Kabarin ne a buɗe, itatuwan rufi a warwatse, ga gefen likkafani a waje. Gari ya ɗauki salati.

Waziri ya riga kowa zuwa fada, ya ce sakacin Ɗanwaire ne, wai duwatsun ma ba sa hana komai. Sarki ya ce a ɗaure Ɗanwaire, a sare shi bayan la'asar.

Gwamma ta ɗauki buta cike da ruwa ta shiga fada, ta faɗi ta yi gaisuwa.

"Allah ya ba ka nasara, ban iya magana ba, amma na iya nuni. A ara mini kan Waziri."

Fadawa suka yi ca. Sarki ya ɗaga hannu ya ce, "Ku bar ta."

Ta tsiyaya rabin ruwan a kan rawanin Waziri. Kowane naɗi ya sha ya miƙa wa na ƙasa da shi, ko ɗigo bai kai gira ba.

"Yanzu a cire rawanin."

Fadawa suka dubi juna, don ba a kware wa mai sarauta rawani a gaban jama'a sai in an tuɓe shi. Sarki ya ce, "Cire."

Ta juye sauran a kan ƙwaryar kansa. Ruwa ya kwararo ta ido, ta hanci, ta gemu, har cikin riga. Waziri ya zabura yana tari.

"Ka gani, ranka ya daɗe? Duwatsun nan su ne naɗin tudun. Mijina ya faɗa, aka ce ya yi shiru. A tambayi masu kwasar duwatsun wa ya sa su."

Aka kira su, duk suka nuna Waziri. Ya miƙa hannu zai ɗauki rawaninsa, sarki ya ce, "Bar shi nan."

Aka kwance Ɗanwaire, aka gyara kabari a ranar. Shi kuwa tuɓaɓɓen Waziri, da kansa ya yi ta dakon duwatsu, kai ba rawani, Gwamma na nuna masa inda zai ajiye. Aka mayar da gangaren hawa bakwai, kowane hawa da bangon dutse, itatuwa a tsakiya, ciyawa mai kama ƙasa a baki.

Ni dai da Goggo ta gama sai na tuna ni ma daga sama har ƙasa na ja kunyoyin kuɓewata a gangaren rafi. Washegari da sassafe na ɗauki fartanya na rushe su, na mayar da su a gicciye, na kwaso duwatsun da na zubar bara na jera su ɗaya bayan ɗaya.