Malam Yunana Ya Ce Zai Zo

Akwai wata gwauruwa mai gonar shinkafa a bakin kogi. Shinkafa ta nuna, kogi kuwa sai cikowa yake. In ba a yanke ta ran Asabar ba, ruwa zai cinye abincin 'ya'yanta na shekara guda. Sai ta fita kiran gayya.

Ta fara da maƙwabcinta Jatau. Ya ce, "Inna, ki gafarce ni, ran nan zan kai matata asibiti. Ba zan zo ba, ki nemi wasu tun da wuri." Ta fita ranta a ɓace, tana cewa, "Ji mutum, ko kara babu!"

Ta wuce wurin Malam Yunana, shugaban matasa, mai koya wa mutanen gari Turanci, har da yadda ake amsa gayyata cikin ladabi. Shi kam baki kamar zuma. Ya amsa da Turanci, ya kuma fassara mata: "Mama, da farin ciki zan zo, har da matasa ashirin." Saboda haka da dangin mijinta suka aiko ko su zo, ta ce su huta, ta sami hannu.

Ran Asabar ta dama kunu tulu biyu, ta yanka zakaranta. Hantsi ya yi, rana ta take, ba Yunana ba dalilinsa. Ashe wuri uku ya amsa a rana ɗaya, ya zaɓi gidan biki inda shinkafar dafaffiya ce! Haba, wannan wane irin rashin imani ne? Ita kaɗai da laujenta, ɗan abin da ta yanka bai taka kara ya karya ba. Ruwa ya shafe sauran.

Ran Lahadi a ƙofar majami'a Yunana ya tare ta, yana ba ta haƙuri da Turanci. Ta dube shi ta ce, "Malam, 'ya'yana ba sa cin Turanci."

Ma'anar wannan misali ita ce: "a'a" ta gaskiya ta fi "to" ta ƙarya, ko da wane harshe aka faɗa. Jatau ya ɓata mata rai na yini ɗaya, amma ya bar mata lokacin neman wasu. Yunana ya faranta mata rai, ya bar ta da yunwa. Ku da kuke jin kunyar cewa "ba zan zo ba", ku sani akwai mai yanka zakaransa saboda maganarku, kuma Ubangiji yana ji.