Yadda Dila Ya Raba Ko-oho da Cin Kashi

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

To ku matso. Mai ƙyanƙyami ya toshe hanci, don ta yau ba ta da ƙamshi.

Wata tsohuwa ce ana ce mata Iya Yalwa, tana toya waina a ƙofar gidanta. Ba ta da kowa a duniya sai karenta, Ko-oho. Tun yana ɗan kwikwiyo ta tsince shi a bakin rafi, ta rene shi kamar ɗan cikinta. In za ta ice yana gaba, in ta yi tari ya ɗaga kunne. Kare ne na kirki, aibinsa ɗaya tak, cin kashi. Ya je ya ci, ya dawo yana lasar baki, ya kwanta kusa da tanda yana kaɗa wutsiya.

Masu sayen waina suka watse. Matan unguwa suka kai ƙara, wata Tasalla ce a gaba. Mai unguwa ya ce, "Iya Yalwa, na ba ki kwana bakwai. In bai daina ba, maharba za su tafi da shi."

Iya ta dawo gida ta zauna tana kuka, Ko-oho ya ɗora haɓa a kan ƙafarta.

Ashe Dila yana bayan danga. Ba kukan ya zo ji ba, kajin Iya ya zo dubawa. Da ya ji zancen, sai ya gyara murya ya yi sallama.

Ya ce, "Iya, share hawayenki. Wannan ai ƙaramin aiki ne a wurina."

Ta ce, "Da gaske, Malam Dila?"

Ya ce, "Ciwon a ido yake. A ɗaure shi, a soya kaza, in zauna gabansa in ci yana kallo. A hankali kwaɗayinsa zai baro can ya dawo kan nama."

Ta ce, "Shi ba za a ɗan sam masa ba?"

Ya ce, "Ko ɗanɗane. In ya taɓa, magani ya karye."

Aka ɗaure Ko-oho a gindin turmi. Rana ta fari aka soya kaza, Dila ya ci, Ko-oho na kallo. Rana ta biyu aka soya kaza, Dila ya ci, Ko-oho na kallo. Iya ta ce, "Malam, ya mai jiki?" Ya ce, "Da sauƙi, Iya. Duba yadda yake haɗiyar yawu." Rana ta uku ma haka. Da ya tsaya nan ya sulale daji, da ya tsira. Amma kun san Dila. Rana ta huɗu sai ya ce magani ya kai matakin zakara.

Iya ta dubi zakaranta, ta dubi haƙarƙarin karenta duk sun fito, ta dubi cikin Dila ya yi tim. Ta kwance Ko-oho don ta gwada. Ko waiwaye bai yi ba, sai juji. Jim kaɗan ga shi ya dawo yana lasar baki.

Sai Iya ta ɗauko igiya. Ta miƙa wa Dila tukunya ta ce ya suɗe sauran romon jiya kafin a kama zakara. Ya tusa kai ciki, ita kuwa ta zarga masa bakin igiyar a ƙugu, ɗaya bakin a wuyan Ko-oho, ta ƙulle tam.

Ta ce, "Igiya ɗaya, ku biyu. Inda ya je, ka je. Abin da ya ci kuwa, kai ma sai ka ci, da ludayi zan ba ka."

Ya ce, "Iya, ni fa malami ne."

Ta ce, "Shi ya sa na haɗa ka da ɗalibinka."

Washegari Ko-oho ya ja, Dila ya bi. Da Dila ya hango abin a gindin danga, sai ya sha gaba a guje, ya tona, ya binne. Ko-oho ya juya hagu, Dila ya sha gaba, ya tona, ya binne. Ya juya dama, Dila ya tona, ya binne. Kafin hantsi faratansa sun yi zafi, yana haki yana tsine wa kaji.

Sai suka ji kira daga wani gida: "Ko-oho, zo nan, zo nan."

Muryar Tasalla ce. Jaririnta ya ɓata tsakar gida, tana kiran kare ya share mata. Ashe haka matan unguwar suke yi kullum, kowacce in ɗanta ya yi, ba ta neman tsintsiya, Ko-oho take kira. Su kira shi da safe, su kai shi ƙara da rana. Dila ya binne na Tasalla, ya binne na maƙwabciyarta.

Da yamma Iya ta ajiye wa Dila akushin tuwo, ta jefa wa Ko-oho ɗan ƙanzo.

Dila ya ce, "Iya, iyakar abin da kike ba shi ke nan?"

Ta ce, "Kare ai shi ke nema wa kansa."

Ya ce, "To kin ga abin da yake nemowa."

Ya dubi tuwo, ya tuna ludayi, ya tura wa Ko-oho akushin. Tun da aka haifi Dila bai taɓa ba wani abincinsa ba sai ran nan, har da ɗan hawayensa. Iya kuwa kunya ta kama ta, ta ƙaro wa karen wata malmala.

Gari ya waye, Tasalla ta sake kira. Dila ya shiga yana ɗingishi, ya ɓata fuska.

Ya ce, "Uwar gida, ni dai ba na son tayar miki da hankali."

Ta ce, "Me ya faru?"

Ya ce, "Kura ce take zagayen unguwar nan. Duk kashin da aka bari a buɗe sai ta shinshina, da haka take gane gidan da ke da ɗa mai ƙiba. Jiya na ga sawunta. A bayan dangarki ta fi daɗewa."

Tasalla ta suri ɗanta ta goya, ta suri fartanya. Kafin azahar labari ya gama unguwa. Wannan na tono, waccan na binnewa, wata na rufe bakin masai da tsohon faifai, har da ɗora dutse. Dila ya kishingiɗa a inuwa yana nuna musu inda suka manta.

Rana ta bakwai mai unguwa ya zo da maharba. Iya ta kwance igiya. Ko-oho, cikinsa cike da tuwo, ya zaga juji, ya zaga bayan danga, ya leƙa gidan Tasalla, ta kore shi da muciya. Ya yi hamma, ya dawo ya kwanta kusa da tanda. Maharba suka saɓa kayansu suka yi gaba, mai unguwa ya zauna ya ce a zuba masa waina.

Dila ya ce, "To Iya, zakaran nan fa?"

Ta ce, "Ladanka yana cikinka tun ran nan." Ta naɗe masa waina a ganye, ta haɗa masa da sabulun salo da soso, ta ce ya biya ta rafi kafin matarsa ta gan shi.

Ko-oho ya raka shi har bakin daji, don shi a wurinsa Dila masoyi ne, wanda ya ba shi tuwo. Da ya dawo ya lashi hannun Iya. Shekara da shekaru in ya yi haka janyewa take ta nemi ruwa. Ran nan ta bar masa hannun, ta miƙa masa ɗayan.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera. In akwai ƙarya a ciki, ta Dila ce, ba tawa ba. Ku dai in za ku yi bokancin ƙarya, ku fara tambayar abin da majinyacin yake ci, don wata rana za a iya haɗa ku akushi.