Gawon Gonar Tabawa

An ce wai a ƙasar Tudun Kargo an yi wani sarki, Jatau, wanda ya ga fari ya cinye dajinsa har abin ya dame shi. Sai ya kafa doka: duk itacen da ya tsiro daga wannan rana na sarki ne, shi da ƙasar da inuwarsa ta rufe. Niyyarsa mai kyau ce, amma wane manomi ne zai reni abin da zai raba shi da gonarsa? Da mutum ya ga tsiro sai ya sa fartanya ya share tun dogarai ba su gani ba. Ƙasa ta tsiraice, iska ta riƙa binne gero da rairayi.

A ƙauyen Rafin Tsamiya akwai wata dattijuwa, Tabawa, mai taurin kai da kaifin harshe. Da rairayi ya sake cinye mata shuka, sai ta tara maƙwabta, ta nuna musu tsofaffin kututturan gawo da ke tofo kowace shekara ana sassabewa. Ta ce, "A bar wa kowanne reshe ɗaya mai ƙarfi, a datse sauran. Mai jin tsoro ya koma gida." Aka yi gayya gona bayan gona. Makiyayan da ke kusa suka yarda su kau da awakinsu daga tofon, a kan idan gawo ya girma 'ya'yansa na dabbobinsu ne. Bayan 'yan shekaru inuwa ta dawo, gero ya tsaya da ƙafarsa.

Sai ga Barmo, Sarkin Daji, ya zo da igiya yana auna inuwa. Ya ce da Tabawa ta tashi, rabin gonarta ya zama na fada.

Ta ce, "Lokacin da rairayi ke shiga mana tuwo ban ga igiyarka ba. Ba inda za ni."

Aka kai ta gaban sarki. Ta durƙusa ta yi gaisuwa yadda ya kamata, sannan ta ce, "Ranka ya daɗe, gonar nan ita ce cina da shana. In an ƙwace ta, wallahi kafin jibi babu gawo ɗaya da zai rage a Rafin Tsamiya, masu shi za su sare da hannunsu. Ni kam ba zan sare nawa ba, ba kuma zan tashi ba. Sai dai a binne ni a gindinsa."

Ran sarki ya ɓaci ƙwarai. In ya ƙyale ta, kowa ya raina dokarsa. In ya kore ta, dajin da ya yi dokar dominsa ya tafi. Ya dubi alƙalinsa, Malam Ishaƙa, ya ce ya yanke hukunci.

Alƙali ya ce, "Ba na hukunci a kan abin da rabinsa kawai na gani. A je gonar, a tafi da magina rijiya."

Aka je, har da sarki. Magina suka haƙa gindin wani gawo daga cikin na gonar, wanda kaurinsa bai wuce taɓarya ba. Suna nisa sai ga saiwa mai kaurin turmi, baƙa ƙirin don tsufa, ta nutsa ƙasa ba a ga ƙarshenta ba.

Alƙali ya ce, "Barmo, saiwar nan ta shekara nawa?"

Barmo ya sosa ƙeya. "Allah ya gafarta Malam, ta girmi kakana."

"To, doka ta yi magana ne a kan abin da ya tsiro bayanta. Wannan ya tsiro tun ba a haifi mai dokar ba. An sare kansa, bai mutu ba, matar nan ta tashe shi. Itacen kakanninta ne, inuwarsa tata ce. Haka kowane gawo da ya tashi daga kututture a ƙasar nan. Wanda ya ƙi yarda, ga magina, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana haƙawa."

Jama'a suka kwashe da dariya, Barmo ya naɗe igiyarsa.

Sarki ya daɗe yana kallon ramin, sannan ya ce, "Ashe dajina yana ƙarƙashin ƙafata, dokata ce ta danne shi. Na janye ta. Iya, me kike so?"

Tabawa ta ce, "A rufe mini ramin nan kafin rana ta taɓa saiwar. Sarkin Daji ya fara zuba ƙasa."

Haka kuwa aka yi, Barmo ya tuɓe rigarsa ya kama aiki. Shi ya sa masu hankali suka riƙe wannan: ƙasa tana komawa hannun wanda ya rene ta, kuma ba wanda zai tsare itacen da ake shirin ƙwace masa.